Maigidana ya bar magen 'yata a mota a bakin Kwari, har yau ba mu faɗa mata gaskiya ba

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. A Kano nake, yarana uku, babbar shekararta 9 kuma ita ce mai mage, wata fara sol mai gashi buzu-buzu irin masu shafaffen hancin nan, yayana ne ya kawo mata ita tun tana 'yar mitsitsiya, ta sa mata suna Auduga. Sati uku da suka wuce, cikin zafin nan na Afrilu, yarinyar ta tafi hutu gidan kakarta, sai babansu ya ce bari ya kai magen wajen likitan dabbobi a yi mata allura tunda dama ta nan zai bi. Sai ya biya ta kasuwar Kwari wai zai karɓi saƙo, ya yi fakin a rana ya bar ta cikin kwandonta a kujerar baya, ya ce ya ɗan sauke gilas kuma minti biyar ya yi niyyar yi. Toh sai ya haɗu da abokinsa, aka kira azahar suka yi salla, shi dai ya ce duka-duka bai fi minti 45 ba. Ko da ya dawo ya same ta a kwance baki buɗe harshe waje tana ta haki, ya yayyafa mata fiya wata ya juyo da ita gida maimakon ya wuce asibitin. Ni kuma da na taɓa ta na ji jikin zafi rau, sai na daka rabin Panadol na ɗura mata na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul. Da yamma ta ɗan miƙe har ta sha ruwa muka ce alhamdulillah, washegari da asuba muka tarar ta mutu.

Da yarinyar ta dawo muka ce mata guduwa ta yi. Anti wallahi har yau kullum sai ta zuba madara ta ajiye a bakin ƙofa, ta bi maƙota gida gida tana tambaya, da daddare ba ta yarda a rufe tagar ɗakinsu wai kar Auduga ta dawo ta rasa hanya. Shi kuma da na ɗauko maganar sai ya ce mage ce fa, ba ga kasuwa nan ba, za a sayo wata. Ni abin ya tsaya min a rai, ko hira ba ma yi sosai, kuma yanzu ba na yarda ya fita da autanmu ɗan shekara 2 shi kaɗai, hakan kuma ya ƙara ɓata masa rai. Dan Allah da gaske minti 45 zai kashe mage alhali gilas a buɗe? Muna da zunubi? In faɗa wa yarinyar gaskiya ko in bar ta? Ko ni ce na cika zafafawa?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ku haƙuri, ke da yarinyar, har da shi maigidan, dan zan dawo kansa, ban jin abin bai dame shi ba kamar yadda kike zato.

Bari in fara da tambayar da ta fi sauƙin amsa. Eh, minti 45 ya isa, ya ma yi yawa. A zafin Kano na Afrilu kwata ɗin awa ma kan iya gamawa da mage. Ke da kanki kin san abin, kawai dai ba ki taɓa haɗa shi da rai ba ne. Tuna ranar da kuka fito daga biki ko asibiti da rana tsaka aka buɗe motar da ta wuni a waje, wannan hucin da ke dukan fuskarki kamar kin leƙa tanderun gidan burodi, ƙarfen bel ɗin kujera da ba ya taɓuwa, direba yana riƙe sitiyari da bakin riga, kowa na cewa a bari ta ɗan sha iska tukuna. Toh ke kina da hannun buɗe ƙofa kina da bakin cewa wayyo. Ita tana cikin kwando, cikin rigar gashin da ba ta cirewa.

Yadda abin yake shi ne hasken rana yana ratsa gilas ya shiga ba wani shamaki, ya faɗa kan dashbod da kujeru su ɗau zafi, su kuma su dinga gasa iskar da ke ciki, iskar kuma ba ta da inda za ta. Wasu masu bincike a Amurka sun auna wannan, aka buga a 2005 a mujallar likitocin yara ta Pediatrics, suka ga cikin awa ɗaya zafin cikin mota yana ƙaruwa da wajen digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙarin nan a rabin awar farko yake faruwa. Minti goma na farko kaɗai yakan ƙara kusan digiri 10. Yanzu ɗora wannan lissafin a kan garinmu, inda a bazara 40 ba labari ba ne, Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma sukan wuce haka. Kafin maigidanki ya gama gaisawa da abokinsa motar ta kai 50, kafin a sallame salla tana neman 60.

Shi kuma sauke gilas da ya yi, wanda na san shi ne abin da yake riƙewa yana kare kansa da shi, su ma masu binciken sun gwada, suka ɗan buɗe gilas suka sake aunawa, bambancin bai taka kara ya karya ba. 'Yar kafar nan mai faɗin yatsu biyu mu take kwantar wa hankali, ba motar take sanyayawa ba. Inuwa ta fi rana, gaskiya ne, amma inuwa tafiya take, bishiyar da ta rufe ka da sha biyu ta yaye ka da ƙarfe ɗaya. Masu barin inji a kunne da esi kuma, mota inji ce, tana mutuwa, esi yana daina sanyi ba sallama, a Amurka har karnukan 'yan sanda sun sha mutuwa ta wannan hanyar. Balle mu nan wa zai bar mota a kunne a bakin kasuwa ya tafi.

Sai kuma ita magen. Ni da ke in zafi ya dame mu zufa muke yi tun daga goshi har tafin ƙafa, iska ta busa mu ji sanyi. Mage ba ta da wannan gatan, ɗan gumin da take yi a tafin ƙafarta ne kawai, sauran kuma sai dai ta lashe gashinta yawun ya bushe ya ɗan sanyaya ta, ko ta nemi ƙarƙashin randa ko tayil ɗin banɗaki ta miƙe. Duk cikin kwando a mota babu ko ɗaya. Zafin jikinta na lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗoriya kaɗan, in ya haura 41 an shiga haɗari, in ya ƙara gaba ƙoda da hanta da hanji da ƙwaƙwalwa duk sun fara lalacewa. Kuma kin ce mai shafaffen hanci ce, irin magunan ƙasar Farisa ɗin nan da 'yan mata ke yayi yanzu, su ne suka fi kowace mage rauni a nan, hanyar numfashinsu a matse take ga gashi kamar bargo. Kare in ya yi haki al'adarsa ce, da haka yake fifita kansa. Mage kuwa duk ranar da kika ga ta buɗe baki tana haki, ki san ba lafiya.

Wannan miƙewar da ta yi da yamma har ta sha ruwa ita ce ke yaudarar mutane da yawa. Jiki ya huce a waje amma ɓarnar tana ciki, ƙoda takan tsaya bayan kwana ɗaya ko biyu, jini yakan daina daskarewa yadda ya kamata. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa ko dabba ta farfaɗo a kawo ta, a sa mata ruwa ta jijiya a sa ido a kanta.

Toh ƙanwata, yanzu zan faɗa miki wadda ba ki tambaya ba, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Panadol guba ne ga mage. Hantar mage ba ta iya narkar da farasitamol yadda tamu ke yi, ko ɓallin ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta, yana lalata jininta ya kasa ɗaukar iskar numfashi, dasashinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Kuma dama zafin da kika ji ba zazzaɓi ba ne da magani zai saukar, jiki ne aka gasa daga waje. Shi ma jiƙaƙƙen tawul in an lulluɓa aka bari, nan da nan yake ɗumama ya koma bargo ya tare zafin. Ba cewa nake ke kika kashe ta ba, abin da ta sha a motar nan shi kaɗai ya isa. Amma ina so ki lura da abu ɗaya. Ke kin yi abin da kika ga shi ne daidai, da kyakkyawar niyya, da iya sanin da kike da shi, ya zo bai yi ba. Shi ma haka ya yi da ya sauke gilas ya ce minti biyar. Laifi tudu ne, sati uku kenan kina tsaye kan naki kina hango nasa. Ban faɗa dan ki ƙara wa kanki damuwa ba, na faɗa ne dan in kin je yi masa magana ki je a matsayin wadda ita ma ta yi kuskure, ba alƙaliya ba.

Abin da ya kamata a yi ranar, dan gaba da kuma masu karatu, shi ne a fara sanyayawa a nan take kafin a nufi ko'ina. A fito da ita inuwa, a dinga zuba mata ruwa mai sanyi, na randa ko na famfo ko fiya watan ma, ba yayyafi ba, a jiƙa ta sosai har ruwan ya kai fata, musamman ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, amma ban da hanci da baki, ana yi ana fifita da mafici ko kwali ko duk abin da ya samu, dan iskar ce ke ɗauke zafin. In tana iya sha da kanta a ba ta kaɗan kaɗan, in ba ta iyawa kar a ɗura, shaƙewa za ta yi. Daga nan sai wajen likita kai tsaye, gilas a sauke ko esi a kunne. Manyan garuruwanmu duk akwai asibitin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, Zariya da Sakkwato da Maiduguri har asibitin koyarwa na dabbobi gare su a jami'o'insu. Duk mai kiwon wani abu a gida ya kamata lambar likita ɗaya tana wayarsa.

Kar ma wani ya karanta ya ce wannan matsalar masu magen gayu ce. Ni kaina na taɓa yi. Shekarun baya mun je ƙauye muka sayo kaji shida a kasuwa, aka ɗaure musu ƙafa aka zuba a but, a hanya aka ce ai gidan wance an yi rasuwa mu tsaya mu yi gaisuwa, kin san gaisuwar mata, a zauna a yi addu'a a kawo ruwa a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Da muka fito aka buɗe but biyu sun sanƙare, sauran huɗun baki a wangame fukafukai a saki, sai da muka roƙi ruwa a gidan makokin muka zuba musu. Na tsaya ina kallon mushen nan ina lissafin kuɗina, sai daga baya kunya ta kama ni da na gane kuɗin na fara tunawa ba azabar da suka sha ba. Tsuntsu ba ya gumi ko kaɗan, kaza ce ko aku ko tattabara. Zomo ma ba ya jure zafi. Ga ragon layya da ake cusawa a but ana gobe Salla a shiga cunkoso da shi awa biyu, a tsaya sayen kayan miya a tsaya wajen tela. Duk abu ɗaya ne, motar ba ta san wannan na ado ba ne wancan na yanka.

Maganar zunubi, ni ba malama ba ce, in kina son fatawa ki je ga masu ita. Amma abin da duk muka taso muna ji ba ɓoyayye ba ne. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu. Na san shi ne ke miki yawo a kai da daddare. Sai dai ita waccan tana sane ta yi, ta kulle ta bar ta. Ku kuwa hanyar asibiti aka nufa da ita. Kuma mu ne kullum muke karanta ƙarshen Baƙara muna roƙon kar Ubangiji ya kama mu in mun manta ko mun yi kuskure. Ku yi istigfari saboda sakacin, dan akwai sakaci kam, ba zan shafa miki mai a baki ba, in kuna da hali ku yi sadaka. Ko kasko ne ki ajiye da ruwa a bakin gida cikin zafin nan dan maguna da tsuntsayen unguwa, ai a hadisin mutumin da ya shayar da kare aka ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Amma kalmar “mage ce fa” ita kam ba ta da wurin zama, wanda ya kulle rai a inda ba zai iya fita ba amanar na wuyansa.

Yanzu shi maigidan. Na daɗe ina karanta saƙonnin mata, kuma na lura da yawan maza in kunya ta kama su ba haƙuri suke bayarwa ba, raina abin suke yi. Mutumin da da bakinsa ya ce kawo in kai ta allura, ba wanda ya sa shi, ba shi ne wanda bai damu da magen ba. Shi ya buɗe ƙofar motar ya gan ta a haka, shi ya fita da gawar da asuba, shi ke wuce kwanon madarar nan a bakin ƙofa kullum in zai fita. “Za a sayo wata” ɗin nan ina jin ta a matsayin dan Allah a bar maganar, na kasa jure ta. Ba ina wanke shi ba ne. Amma in kika ci gaba da shan ƙamshi kina jiran ya durƙusa, za ku kai Salla a haka.

Ki samu lokacin da yara suka yi barci, ya ci abinci ya huta, ki fara da naki. Ki ce Abban su, ashe maganin da na ba magen nan guba ne gare ta, ban sani ba, abin na damuna. Ki tsaya a nan, kar ki ɗora da “kai ma kuma”. Sau tari in mutum ya ga ba a zo kama shi ba da kansa yake sauke kayan. In ya buɗe baki sai ki nuna masa lissafin digirin nan, maza suna son lamba, ya fi masa sauƙi ya ce ashe haka mota take da ya ce na yi laifi, kuma duk hanya ɗaya suke kaiwa.

Tsoron da kike ji game da autanku kuwa ba zafafawa ba ce, kina da gaskiya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. A Amurka inda suke ƙirga abin, daga 1998 zuwa yau yara sama da 1,000 sun mutu a motar da ta yi zafi, kuma fiye da rabinsu mantawa aka yi da su, ba mugayen iyaye ba, mutane irina irinki, ranar da aka canza musu tsari, wanda bai saba kai yaro ba aka ce yau shi zai kai, yaro ya yi barci a baya, waya ta shigo, ƙafa ta bi hanyar da ta saba. Duba ki ga, shi ma ranar ba aikinsa ba ne yawo da mage. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma yaran ne da kansu suka shiga motar da aka bari a buɗe suna wasa ƙofa ta rufe da su. Wannan kam ba sai mun je Amurka ba, a Disambar 2021 yara takwas aka tsinci gawarsu cikin wata mota da aka ajiye a Badagry ta jihar Legas. Mu da kusan kowane layi akwai mataccen kwarkwaron mota a jingine yara na ɓuya a ciki.

Amma hana shi fita da ɗansa ba mafita ba ce, cin fuska ne a wajensa, kuma ba za ki iya yi har abada ba. Ku mai da ita dokar gida wadda ta hau kan kowa, ke da shi da direba in akwai da ƙanin miji mai aron mota. Ba a barin mai rai a mota, ko na minti ɗaya, ko da gilas a sauke, ko a inuwa. In wurin da za a shiga ba a shiga da shi toh a fara kai shi inda za shi, saƙon Kwari ba ya guduwa. In an ɗauko yaro ko dabba a baya, a ajiye waya ko jaka ko hula a kujerar bayan, dan ba mai nisa bai laluba wayarsa ba. Motar da ke gida kuma a kulle ta a rataye makulli inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma duk ranar da aka nemi yaro aka rasa, Allah ya kiyaye, a fara leƙa motoci har but kafin a tafi cigiya. In doka ce ta kowa ba zai ji da shi ake ba.

Saura yarinyar, kuma ita ce ta fi tsaya min. Ki faɗa mata. Cikin satin nan.

Kun ce guduwa ta yi dan ku rage mata zafi, na gane, amma dubi abin da kuka ba ta a madadinsa. Wanda aka ce masa abinsa ya mutu zai yi kuka kwana biyu uku ya fara haƙura. Ita kun bar ta da jira, kuma jira ba ya ƙarewa. Ina tabbatar miki a ranta tana tambayar kanta me ta yi wa Auduga da ta gudu ta bar ta, ko dan ta tafi hutu ne ba ta tafi da ita ba. 'Yar shekara 9 ba jaririya ba ce, ta san mutuwa, ta ga ana zaman makoki. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, akwai ƙannenta, akwai maƙota, akwai ranar da ku biyun za ku yi cacar baki maganar ta suɓuce. In ta ji a bakin wani, rashin magen zai zama ƙaramin abu a kan cewa Umma da Abba sun kalle ta tana zuba madara sati da sati ba su ce komai ba.

In da hali ku zauna ku biyu, in ya ce ba zai iya ba ki yi ke kaɗai amma da saninsa. Ba sai kin zayyana mata harshe waje da haki ba. Ki ce Auduga ba guduwa ta yi ba, zafin mota ne ya kama ta ranar da za a kai ta asibiti, mun yi ƙoƙari amma ta mutu, mun ɓoye miki ne dan muna tsoron kukanki, kuma ba mu kyauta ba, ki yafe mana. Ki ce “mu”, kar ki ce babanki. In ta tambaya wa ya bar ta a motar kar ki yi wata sabuwar ƙaryar, amma zai fi kyau ta ji daga bakinsa, uban da ya iya cewa 'yarsa na yi kuskure ba ya raguwa a idonta. Ki tabbatar ta ji cewa ba laifinta ba ne ko kaɗan. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi ta ƙi cin abinci ranar, ki bar ta, kar kowa ya ce mata haba a kan mage. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya gan shi cikin damuwa, bai ce tsuntsu ne fa ba, kiran sa ya yi da alkunya kamar babban mutum yana tambayar sa labarin ɗan tsuntsun. Ki ba ta wannan labarin, ki ba baban ma.

Batun sayo wata kuwa ku dakata, kar a shigo mata da sabuwa a kwali kamar an canza batir. Ku bari sai ita ta nema da bakinta. In ta nema, ni da za a bi tawa da 'yar gida za a samo mata, irin namun nan masu gajeren gashi da dogon hanci da ake haifa a kowace unguwa ana neman mai ɗauka, sun fi jure garin nan nesa ba kusa ba. Ranar da za a kai ta allura kuma a fita da sassafe kafin rana ta ɗaga, yarinyar ta riƙe kwandon a cinyarta, daga gida sai asibiti daga asibiti sai gida.

Ki rubuto min bayan kun yi maganar, ina son in ji yadda ta kwana.